Fallen Kwanon da Ba a Kafe Ba

Ranar da Suhaibu ya fara ganin Nuriyya, a tsugunne yake a kan rufin tsohon ɗakin ajiyar goggonsa, ƙusoshi a baki, hama a hannu, hadari kuma ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas.

Kafinta ne, ɗan Toranke ta ƙasar Ajingi, amma yawancin aikinsa a cikin garin Gaya yake, inda ake ta sababbin gine-gine. Gaisuwa ce kawai ta kawo shi garin Balan wurin Goggo Baiwa, ƙanwar mahaifinsa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta a gida daga ita sai awakinta. Ko ruwan da ta kawo masa bai gama sha ba ya ji kwanon ɗakin baya yana ɗagawa yana faɗuwa kamar ana kaɗa tire. A ɗakin nan take ajiye geronta da gyaɗarta. Ginin ƙasa ne tun na zamanin ƙuruciyar mijinta, ƙusoshin duk sun yi tsatsa sun saki. Bangonsa na baya kuwa shi ne katangar da ta raba gidanta da gidan Malam Muhammad Bashir, limamin unguwa.

Suhaibu ya ciro kayan aiki daga jakar babur, ya jingina tsani, ya haye.

To, a Balan namiji ba ya hawa sama haka kawai. Sai an aika gidajen maƙwabta an ce za a hau rufi, mata su kintsa, mai wanka ta gama, mai tsifar kai ta ɗaura kallabi. Suhaibu ya san wannan sarai, a Toranke ma haka ake yi. Amma mutumin da ya saba hawa kangwayen da babu kowa a kusa da su sai ƙadangaru, ga kuma iska tana neman ɗauke rufi a kan idonsa, abin ko gifta masa a rai bai yi ba.

Ya fara da fallen da ke bakin katanga. Yadda aka koya masa, ba a danna sabuwar ƙusa kusa da ruɓaɓɓiya a wuce. Sai ka zare tsofaffin duka, ka duba katakon ƙasa ko gara ta ci shi, ka daidaita fallen, sannan ka kafa ƙusa mai hula a kan tudun kwanon, ba a kwarinsa inda ruwa ke bi ba. Ya zare ta ƙarshe ke nan, ya ɗago don ya share zufa, sai idonsa ya faɗa tsakar gidan Malam.

Wata budurwa ce zaune a kan turmi, kanta babu ɗankwali, rabin gashin a tsefe, rabi da kitso, tana dariyar wata magana da ake yi mata daga cikin ɗaki. Ita ma ta ɗago. Abin da ya kamata ya yi shi ne ya kawar da kai, bai kuwa kawar ba. Sai da hamar ta suɓuce daga hannunsa, ta gangara kan kwano da ƙara, ta faɗa cikin gidan, sannan yarinyar ta zabura ta ja zani ta rufe kai ta shige ɗaki.

Malam Muhammad Bashir mutum ne mai sanyin magana, har ana cewa bai iya faɗa ba. Ranar dai ya iya. Ya shigo tsakar gida daga zaure, ya ɗaga kai, ya ce, "Sauko, bawan Allah."

"Malam, a yi haƙuri, falle ɗaya ne na zare wa ƙusa, bari in kafe shi."

"Na ce ka sauko."

Abin da Suhaibu ya iya yi kawai shi ne ya jawo wata tsohuwar taya da duwatsun da ya gani a kan rufin ya danne fallen, ya sauko. A ƙofar gida ya tarar da Malam tare da mutanen da suka taso daga zaurensa. Ya durƙusa.

"Ɗan gidan waye kai? A garinku haka ake yi, a haye wa mutane gida ana ƙare wa iyalinsu kallo?"

"Wallahi mantuwa ce, Malam."

"Hawan mantuwa ne. Kallon fa?"

Suhaibu ya sunkuyar da kai. Can, don dai ya kashe wutar, ya ce, "Na yi alkawari ba zan sake taka rufin nan ba sai da izininka."

"To wallahi ba za ka taɓa samun izinina ba."

Goggo Baiwa tana daga bayan ƙofa tana jin komai. Ita kuma mace ce da ba a taɓa mata jini ta yi shiru. Ta ɗaga murya ta ce, "To ni ma wallahi babu kafintan da zai taɓa min ɗaki in ba ɗan ɗan'uwana ba. Shi ya fara, shi zai ƙarasa."

Haka manya biyu suka yi wa falle ɗaya rantsuwa a gaban jama'a, suka watse suka bar shi a ƙarƙashin taya. Ruwa ya goce, kowa ya nemi mafaka.

Juma'ar da ta biyo baya Suhaibu ya sake zuwa Balan. Ya gaya wa kansa geron Goggo ya zo dubawa, kuma ya kusa yarda da kansa. Yana zaune a gefen rumfa sai ga sallama. Ita ce, cikin dogon hijabi ruwan toka, ɗauke da kwanon tuwon da aka saba aiko wa Goggo duk da rigimar. Ta ajiye tuwon, ta zaro wani abu daga cikin hijabin ta ajiye kusa da shi.

"Goggo, ga hamar baƙonki. Ta fasa mana tulu."

Suhaibu ya ce a hankali, "A yafe ni."

Ba ta dube shi ba ta ce, "Tulun ko ɗayan?"

"Duka biyun."

"Tulun dai na yafe."

Ta fita. Goggo ta yi ta dariya har da riƙe ciki, sannan ta ba shi labari tun kafin ya tambaya. Sunanta Nuriyya, ita ce babbar 'yar Malam, ita ke koyar da ajin 'yan mata a Islamiyyarsa, kuma duk unguwar babu mai kyawun rubutunta a kan allo. Lambar wayarta ma tana cikin wayar Goggo, tunda ita ke sa mata kati. Goggo ta ce ita dai ba ta ba shi ba, ta ajiye wayar ne a tabarma ta shiga ɗaki.

Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa kafin ya tura.

"Assalamu alaikum. Suhaibu ne, mai fasa tulu. Tun ranar nan hankalina bai dawo jikina ba. Ban sani ba ko kunya ce ko wani abu ne daban."

Sai washegari amsa ta zo.

"Wa alaikumus salam, Sarkin Hawa. Kunya ce. Ka yawaita istigfari, za ta wuce."

"Na yi, ba ta wuce ba."

"To sai haƙuri. Ni ma tawa ba ta wuce ba."

Damina ta yi nisa, abin da ke tsakaninsu ma ya yi nisa. Ba sa haɗuwa sai a gaban Goggo, shi ma jefi-jefi, amma waya ba ta hutawa. Yana ce mata Nurina, tana ce masa Sarkin Hawa, in kuma ta so ta narkar da shi sai ta ce Masoyi, kalma ɗaya tak, ta kashe wayarta ta bar shi yana murmushi a kan katakon mutane. Abokan aikinsa har sun gaji da tsokanarsa.

Bayan an yi kaka ya tura Baffansa Tukur da dattawan Toranke. Malam ya karɓe su da mutunci, ya ba su ruwa da fura, ya saurare su har suka gama. Sannan ya ce, "Yaron da ya fara ganin 'yata ta saman katanga ba zai shigo min ta ƙofa ba. Ku yi haƙuri."

Ba taurin kai ne kaɗai ba, in za a yi wa Malam adalci. Magana ta riga ta zaga unguwa. Wasu sun ce da gangan kafintan ya hau. Wasu marasa tsoron Allah sun ce ai ita ma ta san da zuwansa, shi ya sa ta zauna a turmi ba kallabi. Malam yana ganin ranar da ya ba da ita ga Suhaibu, ranar ya sa wa wannan ƙarya hannu da kansa. Ya kira Nuriyya ya ce mata, "Ba zan yi miki dole a kan kowa ba, kin san halina. Amma wannan kam a'a." Ya kuma ba Badaru, babban ɗalibinsa, izinin zuwa zance.

Badaru mutumin kirki ne, ga karatu, ga tsabta, ga gona. Wannan ya fi komai ci wa Suhaibu rai, don da mugu ne da ya sami abin zagi. Wata rana da yamma ya shigo Balan ya ga babur ɗin Badaru a ƙofar gidan Malam, ya ji muryar Nuriyya daga zaure tana amsa gaisuwa. Ko gidan Goggo bai shiga ba ya juya, ya tura mata saƙo.

"Na ga baƙonki yau. Allah ya sanya alheri. Ba zan tsaya miki a hanya ba."

"Haka za ka ce min? Baba ya ce in fita, na fita. Na gaishe shi, na zauna ina kallon tabarma har ya gaji ya tafi. In kai ma za ka bar ni, ka faɗa min a fili, in san kukan da zan yi."

"Ki yafe ni, Nurina. Kishi ne. Ina ganin kamar kowa ya fi ni cancantarki."

"Kowa ya fi ka sanin ladabin hawa rufi. A nan dai suka tsaya."

Ya yi dariya da hawaye a idonsa, amma dariyar ba ta kai ko'ina ba. Dattawa sun koma wurin Malam, sun sake komawa, amsar ba ta canza ba. Suhaibu ya rame. Mahaifiyarsa ta fara kawo masa sunayen 'yan matan garin Gafasa.

Shi kuma fallen yana nan inda aka bar shi. Duk zuwan da zai yi sai ya tsaya a tsakar gidan Goggo ya ɗaga kai. Rana ta tsattsage tayar. Dutse ɗaya ya zame ya faɗo. Ya taɓa kawo abokin aikinsa Bilya don ya kafe shi, Goggo ta kore su da muciya, ta ce ita ba ta cin rantsuwarta don liman ya ji daɗi. Akwai lokacin da Malam ya tafi Kano ya kwana biyu, Goggo ta ce ga dama, hau ka gama kafin ya dawo. Suhaibu ya ƙi. Ya yi alkawari a gaban mutane, in ya hau a ɓoye ya tabbatar wa duniya cewa shi ɗan leƙe ne, ya kuma rasa Nuriyya har abada.

Hanya ɗaya ta rage, ya je ya gaya wa Malam a fili cewa fallen nan babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, kuma iskar bazara ba ta wasa. Bai je ba. Tsoro yake kada Malam ya ɗauka dabara ce ta neman izini ta bayan fage. Duk aiken da ya yi gidan nan na aure ne, ko sau ɗaya bai aika a kan kwanon ba.

Da zafi ya tsananta, iska ta fara kaɗawa, Nuriyya ta rubuto masa.

"Kwanon nan naka ya fara surutu. Inna tana tsaki, ni kuwa daɗi nake ji, don kamar kai ne kake ƙwanƙwasa min."

Ya rubuta, "Don Allah ki daina zuwa kusa da katangar nan in hadari ya taso."

"Umarni tun yanzu? To na ji, ranka ya daɗe."

Hadarin farko na shekarar ya zo bayan la'asar, da iska irin wadda ke tuge bishiya. Suhaibu yana Gaya, ya fake a wani shago, wayarsa ta yi ƙara. Goggo ce, amma bai gane muryarta ba. Kuka take tana salati. Da ƙyar ya tsinci maganar: Nuriyya ta fito kwashe shanya, fallen ya tashi, an tafi da ita asibiti.

Nuriyya ta ga tahowar fallen, ta ɗaga hannun dama ta kare fuskarta. Bakin kwanon ya yanke ta daga gwiwar hannu zuwa tsintsiya, ya zarce ya tsaga mata kunci. A asibiti a Gaya aka tsayar da jinin, aka ce sai Kano. Suhaibu ya iso jiƙe sharkaf ana shirin sa ta a mota. Bai ga fuskarta ba, bandeji kawai ya gani. Malam yana tsaye a gefe, farar rigarsa duk jini. Suka dubi juna.

Malam ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Ka san zai tashi?"

"Na sani, Malam."

"Me ya hana ka gaya min?"

"Na ji tsoron ka ce dabara ce."

Malam ya dubi jinin da ke jikin rigarsa. Sannan ya ce, "Da ka zo, haka zan ce." Ya juya ya shiga motar.

Nuriyya ta rayu. Likitoci sun ɗinke kuncin, sun yi iya ƙoƙarinsu a kan hannun, amma jijiyoyi sun yanke. Yatsun damanta ba sa dunƙulewa, ba sa riƙe alli, ba sa riƙe cokali. Badaru ya je dubiya, ya yi addu'a mai tsawo, daga nan tafiya ƙarin karatu ta taso masa, kuma danginsa ba su sake tayar da maganar ba. Babu wanda ya yi mamaki, babu kuma wanda ya tanka.

Bayan an sallamo ta, Malam ya ciyar da mabuƙata kaffarar rantsuwarsa. Da aka idar da sallar Asuba ya miƙe a gaban sahu ya ce wa jama'a ya yi rantsuwa cikin fushi, ya riƙe ta cikin girman kai, 'yarsa ce ta biya, yana neman su taya shi roƙon gafara. Sannan ya aika Toranke a ce wa Suhaibu ya zo ya gyara rufin.

Goggo Baiwa ce da kanta ta bi gidajen maƙwabta tana cewa za a hau sama. Ta tsufa a 'yan makonnin nan fiye da yadda ta tsufa a shekaru. Suhaibu ya zo da sabon falle da katako, don na ƙasan gara ta cinye shi. Da zai jingina tsani sai ya ga hannu ya riƙe masa ƙafar tsanin. Malam ne.

"Hau, na riƙe."

Ya hau. Ya cire ruɓaɓɓen katakon ya sa sabo, ya ɗaure shi da waya a jikin bango, ya shimfiɗa fallen ya haɗa bakinsa da na kusa da shi, ya bi tudu-tudu yana kafa ƙusa. Daga nan ya bi sauran rufin gaba ɗaya, duk ƙusar da ta saki ya zare ya canza. Aikin da bai kai tsakanin azahar da la'asar ba, shi aka yi shekara ana rantsuwa a kansa. Wannan tunanin ne ya sa hawaye suka riƙa ɗiga a kan kwanon yana dukan ƙusa bai ma gani sosai. Bai dubi tsakar gidan Malam ba. Ko da ya duba, babu kowa a ciki.

Da ya sauko Malam ya ce, "Ka ce wa Baffanka ya dawo."

Wannan ita ce maganar da ya yi shekara yana roƙon Allah ya ji, amma da ta zo bai ji komai ba sai nauyi a ƙirji. Bai kai Toranke ba saƙon Nuriyya ya shigo. Gajere ne, da alama da hagu aka rubuta shi.

"Kada ka turo kowa. Na san kai mai kunya ne, za ka aure ni don ka biya abin da kake ganin ka ɓata. Ba na son auren diyya. Wadda ka gani a kan turmi babu ita yanzu. Na yafe maka. Ka bar ni."

Ya kira, wayar a kashe. Ya tura saƙo bayan saƙo, babu wanda ya shiga. Damina ta zo ta wuce a haka. Nuriyya ta daina koyarwa, ta daina shiga gidan Goggo, ko biki ba ta leƙawa. Suhaibu yana zuwa aiki don kada a ce ya zauce. Ya kai ga yana roƙon Allah ya cire masa ita daga rai, yana gama addu'ar kuma ya ji tsoron kada a amsa.

Malam ne ya gaji da ganin 'yarsa tana bushewa a ɗaki. Wata safiya ya sa aka kira Suhaibu, ya zaunar da shi a zaure, ya shiga ciki ya ce mata, "Ban taɓa yi miki dole ba, yau ma ba zan yi ba. Amma ki fita ki faɗa masa da bakinki." Ya ɗauki buta ya tafi masallaci ya bar musu wurin.

Ta fito ta zauna nesa, ta ja hijabi ya rufe rabin fuskarta. Shi ya fara magana.

"Nurina."

"Kada ka kira ni haka."

"To. Nuriyya, lokacin da na turo Baffa Tukur, kwano ya tashi?"

Ta kawar da kai, ya amsa wa kansa.

"Bai tashi ba. To me nake biya a lokacin?"

"Lokacin daban, yanzu daban. Yanzu in ka dube ni laifinka za ka riƙa gani."

"Gaskiya ne," in ji shi. Ta ɗago da sauri, don ba ta zaci zai amsa haka ba. "Zan riƙa ganinsa, ba zan yi miki ƙarya ba. Ni na zare ƙusoshin nan, ni na san zai tashi na yi shiru. Aurenki ba zai goge min wannan ba, kullum ma zai riƙa tuna min. In sauƙi nake nema, Legas zan tafi in yi aikina inda ba wanda ya san ni. Na zauna ne don ban iya rayuwar da ba ke a ciki. Na gwada duk daminar nan, ban iya ba."

Hawaye suka zubo mata. Ta sa hannun hagu ta janye hijabin daga kuncinta, ta juyo da fuskar wajen hasken ƙofa. Tabon ya taso daga kusa da kunne ya sauko har gefen baki, ya ɗan ja leɓen gefe.

"To kalla. Da can ka kalla ba izini, yau na ba ka. Kalla da kyau, kada ka ce ba ka gani ba."

Ya kalla, bai yi sauri ba, bai kuma kawar da kai ba. Ya dubi tabon, ya dubi hannun da ke kwance a cinyarta, ya dawo ya dubi idonta.

"Na gani. Yaushe zan turo?"

Ta rufe fuska ta fashe da kuka, irin kukan da ta riƙe tun daga asibiti. Da ta sami numfashi ta ce, "Ba na iya tuƙa tuwo."

"Na iya. A wurin aiki ni nake yi mana."

"Allah ya jiƙan waɗanda suka ci."

Bayan an ɗauke amfanin gona aka ɗaura auren Suhaibu da Nuriyya a ƙofar gidan Malam, ba tare da wani taro mai yawa ba. Malam, wanda ya ɗaura auren rabin unguwar, ranar muryarsa ta ƙi fita, sai wani ya karɓa ya yi addu'ar. Goggo Baiwa ta yi guɗa ɗaya, kuka ya ƙwace mata sauran. Da yamma aka kai amarya Toranke.

Da safe mahaifiyarsa ta aiko musu da koko da ƙosai. Suhaibu ya zuba, ya tura mata nata, sai ya ga ta ɗauki kwanon da ludayin ta juya masa baya tana fuskantar bango.

"Lafiya?"

Ta ce a hankali, "Da hagu nake ci. Tun da abin ya faru ban ci abinci a gaban kowa ba, ko a gaban Inna. Ka yi haƙuri, in na gama zan juyo."

Ya zagayo ya zauna a gabanta. Ya karɓi ludayin daga hagunta, ya ɗauko hannun damanta ya ɗora shi a ciki, ya naɗe yatsunta a jikin ludayin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya rufe su da nasa hannun.

"Ki yi bismilla."

Ta yi. Suka ɗebo tare, rabin kokon ya zube a tabarma, rabi ya kai bakinta. Ta haɗiye da hawaye, ta dube shi ta ce, "Kullum za ka iya?"

"Har ranar da za ki ce na isheki."

Hannun bai warke ba, tabon ma bai ɓace ba, kuma ba su taɓa yi wa juna ƙaryar cewa sun manta ba. Allah ya ba su haƙurin juna, ya sanya albarka a zamansu, ya ba su zuriya mai jin ƙai, ya kuma tsare mu da rantsuwar da ake yi cikin fushi. Amin.